Wa Ke Riƙe Da Asirin Masu Aika Saƙo Gida? Labarin Burauza Daga Tudun Wadan Gombe

Duk mutumin Arewa da ya kwana biyu a Kurmi ya san yadda ake aika saƙo gida a zamanin da. Idan mutum yana Agege, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ya tara ɗan abin da Allah Ya hore masa, sai ya nufi tasha ya nemi direban da ya sani wanda zai tashi zuwa Gombe. Ya ƙulle kuɗin cikin ƙyalle, ya haɗa da wasiƙa, ya danƙa masa hannu da hannu. In kuwa babu direba, sai ya tafi gidan waya ya sayi fasa'oda da kan sarki. Wanda bai iya boko ko ajami ba kuwa, sai ya zauna gaban mai rubuta wasiƙa ya zayyana masa duk abin da ke cikinsa, har da bashin da ake binsa da maganar auren 'yarsa. Ta kowace hanya dai akwai mutum a tsakani, an san sunansa, an san gidan ubansa, in kuma ya ci amana an san inda za a kai ƙararsa.

Tun daga watan Agusta na shekarar 2001 da wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, wannan al'ada ta yi ta ja da baya, har aka zo farkon shekarar 2023 sa'ad da canjin takardun Naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, ya tilasta wa mai suya da mai shayi da mai gadi koyon tura kuɗi ta waya. Amma fa mai tsakanin nan bai tafi ko'ina ba. Yana nan cikin wayar, sai dai ba shi da fuska, kuma mutane kaɗan ne suka taɓa tambayar ɗan wane ne shi. Sunansa burauza, watau manhajar nan da ake dannawa a shiga intanet, a buɗe shafin makaranta ko na banki ko na neman aiki.

UNGUWAR 'YAN MAKARANTA

Unguwar Tudun Wada a cikin garin Gombe wuri ne da ya dace a duba wannan al'amari, gama a nan ne Jami'ar Jihar Gombe take, wadda aka kafa cikin shekarar 2004, shekara takwas bayan da aka yanke Jihar Gombe daga Jihar Bauchi ran 1 ga watan Oktoba, 1996. Inda jami'a ta sauka kuwa, sai kasuwar takarda ta bi ta. Akwai shagunan buga takardu da na intanet, da masu cajin waya, da masu cire kuɗi da na'urar POS. Lokacin rajistar ɗalibai ko lokacin fitowar sakamakon jarrabawa, sai ka ga samari da 'yan mata sun yi layi, kowa riƙe da takardunsa.

Da yawa daga cikin waɗannan yara, iyayensu ko yayyensu suna Kudu wajen nema. Wani yana sauke buhunan wake da masara a kasuwar Mile 12 ta Ikko, wani yana harkar shanu a mayankar Oko-Oba, wani yana Bodija a Badun, wani yana Fatakwal. Kuɗin makaranta daga can yake fitowa, kuma kafin ya isa asusun makaranta sai an rubuta sunan yaro, da ranar haihuwarsa, da lambar wayarsa, wani lokaci har da lambar katin banki, a cikin wata burauza. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, daga shekarar 2021 kuma ba a yin rajista sai da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Ke nan abin da a da ake ɓoyewa a ƙasan adaka, yanzu yana ratsawa ta hannun manhajar da aka tsinta cikin waya.

Tsinta kuwa ita ce gaskiyar magana. Mafi yawan mutane ba su zaɓi burauzar da suke aiki da ita ba. Wayoyin Android sukan zo da Chrome na kamfanin Google, wayoyin Tecno da Infinix da itel da yawa sukan zo da wata mai suna Phoenix, sa'an nan mai shagon da ya sa wa mutum waƙoƙi da wa'azi cikin waya yakan ƙara masa Opera Mini ba tare da ya tambaye shi ba. Mutumin da ba zai ba baƙon direba buhun albasa ba sai ya yi bincike, shi ne yake ba wa baƙuwar manhaja lambar asusunsa domin kawai ya same ta a kan allon waya.

MAI RAGE NAUYIN KAYA

Opera Mini ta daɗe tana da farin jini a Nijeriya, kuma da dalili. Wani kamfani ne na birnin Oslo a ƙasar Norway ya fito da ita ga duniya a farkon shekarar 2006, lokacin da wayoyi ba su da ƙarfi, data kuma tana da tsada. Dabararta ita ce, idan mutum ya nemi wani shafi, wayarsa ba ta zuwa wurin shafin kai tsaye. Sai ta aika buƙatar ga manyan kwamfutocin kamfanin, su ɗauko shafin, su matse shi ya ƙanƙance, sa'an nan su turo wa wayar. Kamfanin ya ce ta haka ana iya rage cin data har kashi 90 cikin 100. Ga ɗalibin da ke ƙirga kowace Naira, musamman bayan da hukumar sadarwa ta NCC ta yarda a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025, wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

Sai dai wanda zai matse kaya dole ya kwance ƙullin. Idan an sa Opera Mini a matakinta na matsewa mafi tsanani, saƙon yakan tafi a rufe daga waya zuwa kwamfutocin kamfanin, a can a buɗe shi, a sake rufewa, a miƙa gaba. Kamfanin da kansa bai ɓoye wannan ba. Kwatancinsa shi ne mai rubuta wasiƙan nan na bakin gidan waya: yana iya zama mutumin kirki mai riƙon amana, amma dai ya ji abin da ke cikin wasiƙar. Don karanta labarin ƙwallo ko na siyasa babu damuwa. Don rubuta lambar katin banki kuwa, mai hankali ya nemi hanyar da babu kowa a tsakani.

Har ila yau, yana da kyau a san cewa manhaja tana canza ubangida kamar yadda mota ke canza hannu. Cikin shekarar 2016 wasu attajiran ƙasar Sin suka sayi sashen burauza na Opera a kan kusan Dala miliyan 600. Hedkwatar tana nan a Oslo, sunan bai canza ba, jan harafin nan da ke kan allo ma bai canza ba, don haka mai waya a Tudun Wada ko a Obalende bai ga wata alama ba. Daga wannan gida ne kuma OPay ta fito a Nijeriya cikin shekarar 2018. Sayar da kamfani ba laifi ba ne, amma yana nuna cewa wanda aka ba amana jiya, ba lalle shi ne yake riƙe da ita yau ba.

Akwai kuma UC Browser, ta kamfanin Alibaba na ƙasar Sin, wadda samari suka so ta ƙwarai saboda saurin sauke bidiyo. A watan Mayu na 2015 masu bincike na cibiyar Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto a Kanada suka gano cewa tana aika lambobin shaidar waya da na layi, da bayanin wurin da mutum yake, ba tare da cikakkiyar kariya ba. A watan Yuni na 2020 gwamnatin Indiya ta haramta ta tare da wasu manhajojin ƙasar Sin, jimla 59, bayan rikicin kan iyaka tsakanin ƙasashen biyu.

ƘOFAR DA BA TA RUFE BA

To, kada mai karatu ya ɗauka cewa matsalar ta tsaya ga kamfanonin Gabas. Chrome, wadda Google ya fitar a watan Satumba na 2008, ita ce burauzar da aka fi aiki da ita a duniya, kuma tana da wani sashe mai suna Incognito, mai hoton hula da tabarau. A gidajen da waya ɗaya ke zagayawa tsakanin uwa da 'ya'ya, ko a ɗakin da 'yan ci-rani biyar ke kwana suna aron wayar juna, mutane da yawa sun ɗauka cewa in sun shiga wannan sashe sun ɓace wa kowa. Alhali kuwa aikinsa shi ne hana wayar ajiye tarihin shafukan da aka buɗe, domin wanda zai karɓi wayar daga baya kada ya gani. Kamfanin layin waya yana iya sanin shafin da aka ziyarta, mai shafin ma ya san an zo.

A kan wannan ne wasu mutane suka kai Google ƙara a Jihar Kalifoniya ta Amurka cikin shekarar 2020, suna cewa kamfanin ya ci gaba da tattara bayanansu alhali suna cikin Incognito. Aka yi sulhu, kuma a watan Afrilu na 2024 aka bayyana cewa Google ya yarda zai goge biliyoyin bayanan da ya tara, ya kuma gyara sanarwar da ke fitowa idan an buɗe sashen, domin ta faɗi gaskiyar iyakarsa.

Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Burauza kyauta ake ba da ita, amma masu ita ba sadaka suke yi ba. Ribarsu tana fitowa daga talla, talla kuwa ta fi tsada idan an san wane ne mai kallo, me yake nema, a wane gari yake. Shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google ta fito da girman wannan ciniki fili: cikin shekarar 2022 kaɗai kamfanin ya biya Apple Dala biliyan 20 domin injin bincikensa ya zama na farko a burauzar Safari. A watan Agusta na 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukunci cewa Google ya yi babakere a harkar bincike ba bisa doka ba. Ko Firefox, wadda ƙungiyar Mozilla ta fitar a 2004 kuma ta yi suna wajen kare sirri, mafi yawan kuɗin shigarta daga Google suke fitowa. Wannan dillali la'adarsa ba daga aljihun mai waya take fita ba, daga labarinsa ake cire ta.

MAGANAR KWAƊO

Dattawan Sabon Badun, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun shekarar 1916, sun san yadda cinikin shanu da goro ya tsaya a kan mai gida. Falke ya zo daga Arewa da garkensa, bai san mahautan gari ba, su kuma bashi suke saye. Mai gida ne ke saukar da shi, dillalinsa ya haɗa ciniki, shi kuma ya tsaya a kan cewa wannan mahauci sananne ne, za a biya. Ranar da mai gida ya tsaya wa maƙaryaci, ranar ce sunansa ya zube a kasuwa.

Kusan haka burauza take yi. Kowace tana ɗauke da jerin wasu kamfanoni da ta amince da su, masu ba shafuka takardar shaida. Idan shafi ya nuna takarda daga ɗaya daga cikinsu, sai burauza ta rufe hanyar da ke tsakanin waya da shafin yadda na gefe ba zai iya karanta saƙon ba, adireshin kuma ya fara da haruffan https. Shekara da shekaru alamar wannan ita ce ɗan hoton kwaɗo a saman allo. Daga watan Yuli na 2018 kuma Chrome ta fara rubuta gargaɗi a kan duk shafin da ba shi da wannan kariya.

Mai ba da shaidar ma yana iya faɗuwa. Cikin shekarar 2011 aka kutsa cikin kwamfutocin wani kamfanin ƙasar Holan mai suna DigiNotar, aka buga takardun shaida na jabu fiye da 500, har da na Google, aka yi amfani da su wajen leƙen saƙonnin mutane kimanin 300,000, galibinsu a Iran. Da abin ya tonu, manyan burauzoji suka cire sunan kamfanin daga jerinsu, kafin ƙarshen watan Satumba na wannan shekara ya karye.

Amma babban kuskuren da ake yi a nan gida ya fi wannan sauƙi. An koya wa mutane cewa in sun ga kwaɗo, shafin na gaskiya ne. Kwaɗon kuwa abin da yake faɗi kawai shi ne hanya a rufe take, bai ce komai ba game da halin wanda ke zaune a ƙarshen hanyar. Tun wajen shekarar 2016 ana samun irin wannan takardar shaida kyauta cikin 'yan mintoci, don haka ɗan damfara ma yana da nasa kwaɗon. Google ya ce binciken da ya yi a 2021 ya nuna mutum 11 ne kawai cikin 100 suka fahimci ainihin ma'anar alamar, shi ya sa a watan Satumba na 2023 ya cire ta daga saman Chrome ya sa wata alama dabam.

Mazauna Badun ba sa bukatar a ba su labari mai nisa. A watan Afrilu na 2025 shirin nan na CBEX, mai alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ya rufe da dukiyar jama'a, har fusatattun mutane suka afka wa ofishinsa da ke Oke-Ado. Hukumar kula da hannun jari ta SEC ta ce ba ta yi masa rajista ba. Kafin shi an yi MMM, wanda ya daskarar da kuɗin mutane a watan Disamba na 2016. Babu burauzar da za ta iya gaya wa mutum cewa ribar da aka yi masa alkawari ta fi ƙarfin hankali. Haka nan shafukan jabu na ɗaukar aikin soja ko kwastan, ko na rabon tallafin gwamnati, waɗanda ake yaɗawa ta WhatsApp, a buɗe su cikin burauza su yi kyau tsaf kamar na gaske.

SHAGON INTANET

Hatsarin da ya fi kusa da iyalin ɗan ci-rani yana cikin shagon intanet. A ce uba yana Ikko, ɗansa yana Tudun Wada, ranar rufe biyan kuɗi ta matso. Uban ya kira ya karanto lambobin katinsa na banki, na gaba da na baya, yaro ya maimaita wa mai shago, mai shago ya rubuta cikin kwamfutarsa. A daidai nan burauza takan fito da 'yar tambaya da Turanci, ko a ajiye wannan kati da kalmar sirri saboda gaba. In aka danna amincewa, ko da gaggawa ko da rashin sani, bayanan sun zauna cikin kwamfutar da mutum hamsin za su taɓa kafin magariba. Mafi yawan masu shaguna 'ya'yan mutunci ne masu neman halal, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hukumar JAMB ma ta sha gargaɗin ɗalibai kada su yi rajista sai a cibiyoyin da ta amince da su.

INDA DOKA TA TSAYA

Gombe tana da hannu a tarihin dokar da ta shafi wannan magana. A watan Janairu na 2019 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanan jama'a a Nijeriya, lokacin da Isa Ali Ibrahim Pantami, ɗan unguwar Pantami ta garin Gombe, yake shugabanta, kafin ya zama Ministan Sadarwa daga 2019 zuwa 2023. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan cikakkiyar Dokar Kare Bayanai, wadda ta tsai da hukumar NDPC da ikon karɓar ƙorafi da cin tara. A watan Yuli na 2024 kuma hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar Dala miliyan 220 a kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya. Wannan ya nuna ana iya taka wa manya birki. Sai dai shari'a da manyan kamfanoni takan ɗauki shekaru, wanda aka kwashe wa kuɗin makarantar ɗansa kuwa cikin minti biyar aka gama da shi.

RIGAKAFI

Abin da ya rage shi ne kowa ya yi wa burauza irin binciken da yake yi wa direba. Kafin a rubuta komai a duba adireshin shafi harafi bayan harafi, gama galibin shafukan gwamnati da gov.ng suke ƙarewa, galibin na jami'o'i kuma da edu.ng, 'yan damfara kuwa sukan canza harafi ɗaya ko su ƙara kalma. Gara mutum ya rubuta adireshin da hannunsa da ya danna wanda aka turo masa. Harkar kuɗi a yi ta cikin manhajar banki ko ta lambobin nan da ake dannawa masu tauraro. In uba zai biya kuɗin makaranta, ya tura wa yaro kuɗin cikin asusunsa, ko ya sa a karɓo lambar biya a kai banki, ya bar katinsa cikin aljihu. Lambar sirri da lambar nan ta wucin gadi da banki ke turowa ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga banki yake. Wanda ya yi aiki a shago ya tabbata an fita daga asusunsa a gabansa kafin ya tashi, ya kuma canza kalmar sirri in ya koma gida. Idan burauza ta nemi a sabunta ta, a daure a kashe datar, domin yawancin sabuntawar toshe kafofin ɓarayi ce. Kuma a riƙa sauko da manhaja daga Play Store maimakon karɓa daga wayar wani.

Masu zuwa gida da Sallah su zauna da yaransu da matansu su yi wannan magana, kamar yadda iyayensu suka koya musu direban da ake ba saƙo da wanda ba a ba. Gumin da aka zubar a Mile 12 da Bodija ya fi ƙarfin a bar shi a hannun wanda ba a san asalinsa ba. Allah Ya tsare dukiyar bayinsa, Ya sa albarka cikin nema, amin.